Zaren Imel Ya Gaji Fayil: Yadda Amsa Ke Bin Sahun Saƙo, da Inda Take Ɓata Hanya

Duk wanda ya taɓa aiki a Sakatariyar Gwamnatin Tarayya da ke Abuja ya san fayil mai kauri da masinja ke rungumowa daga ofishin rajista. Kowace takarda da ke ciki an huda ta a kusurwa, an zura mata zare, an rubuta mata lamba a sama. Wasiƙar da ta buɗe magana ita ce shafi na ɗaya, amsarta na biye, sai bayanin jami'in da ya fara dubawa, sai na darakta, har a kai ga sa hannun Babban Sakatare. Idan shafi na 46 ya wuce sai ga na 48, magatakarda ya san an zare wani abu, kuma akwai wanda zai amsa tambaya.

Wannan tsari ne gwamnati ke ƙoƙarin mayarwa cikin kwamfuta. Ofishin Shugabar Ma'aikatan Tarayya, ƙarƙashin Didi Esther Walson-Jack wadda ta kama aiki a watan Agustan 2024, ya sanya 31 ga Disamba, 2025 a matsayin wa'adin da ma'aikatu za su daina dogaro da takarda. Kamfanin gwamnati na Galaxy Backbone kuma yana samar wa ma'aikata adireshin imel na hukuma. Ma'anar haka ita ce, umarni da amincewa da tambayoyi da dama da a da ake rubutawa a takardar minit, yanzu a cikin imel suke yawo.

Imel ma yana da nasa zaren da ke ɗaure saƙo da amsarsa, sai dai ido ba ya ganin sa. Ma'aikacin da bai san yadda yake ba na iya tsinke shi, ko ya cusa takarda a fayil ɗin da ba nata ba, ko ya miƙa fayil ɗin dungurungum ga wanda bai kamata ya gani ba, duk da danna maɓalli ɗaya.

Asalin maɓallin amsa

A shekarar 1971 wani injiniya Ba'amurke, Ray Tomlinson, ya aika saƙo daga wata kwamfuta zuwa wata a kan ARPANET, hanyar sadarwar da ta haifi intanet. Shi ne ya zaɓi alamar @ don raba sunan mutum da sunan na'urar da yake kai. A farkon lamarin babu hanyar amsawa kai tsaye. Mai son mayar da martani sai ya buɗe sabon saƙo, ya kwafe adireshin da hannu, ya sake bayyana abin da yake magana a kai. Wajen 1975 John Vittal ya rubuta wata manhaja mai suna MSG da ke da umarnin amsawa da na turawa gaba, daga nan imel ya zama wurin tattaunawa.

Da masu amfani suka yawaita, sai aka buƙaci ƙa'ida guda. A watan Agustan 1982 aka fitar da kundin RFC 822, wanda David Crocker ya tsara, ya fayyace yadda kan kowane saƙo zai kasance. An sabunta shi a 2001, aka sake sabuntawa a 2008 da lambar RFC 5322. Saboda wannan ƙa'ida ce saƙon da ya fito daga Outlook a wata ma'aikata ke iya zama daram a Gmail ɗin da ke wayar wani ɗan kwangila.

Layuka uku da ba a gani

Kowane imel yana da kai da gangar jiki. Mai karatu yana ganin kaɗan daga cikin kan: wanda ya aiko, wanda aka aika wa, kwanan wata da take. Sauran layukan manhaja ce ke ɓoye su, amma ana iya buɗe su ta zaɓin nuna asalin saƙo. Uku daga cikinsu su ne zaren.

Na farko lambar shaida ce. Da zarar an aika saƙo, ana ba shi wani dogon jerin haruffa da lambobi da ba a son wani saƙo a duniya ya yi tarayya da shi a ciki. Na biyu layi ne da ke fitowa a kan amsa kaɗai, yana ɗauke da lambar saƙon da ake amsawa. Na uku silsila ce: lambobin saƙonnin da suka gabata a wannan magana, daga na farko har zuwa wanda ake amsawa.

Tsohon ma'aikaci zai gane wannan nan take, domin haka wasiƙar hukuma take. A samanta akwai lambar ofishin da ya rubuto, akwai kuma gurbin lambar wasiƙar da ake amsawa. Da waɗannan lambobi biyu magatakarda ke sanin fayil ɗin da takarda za ta shiga ko da bai karanta abin da ke cikinta ba.

A ɗauka daraktar kuɗi ta aika wa mataimakanta uku saƙo tana neman ƙiyasin kashe-kashen zango na uku. Saƙonta ya samu lamba, a kira ta A. Mataimaki na farko ya danna maɓallin amsa, saƙonsa ya samu lamba B, kuma kansa ya rubuta cewa yana amsa A. Daraktar ta mayar masa da tambaya, saƙonta ya zama C, yana amsa B, silsilarsa A da B. Mataimaki na biyu, wanda bai buɗe akwatinsa ba sai bayan la'asar, ya amsa saƙon farko, nasa ya zama D, yana amsa A. Manhajar da ta karɓi huɗun za ta gane cewa B da D rassa biyu ne daga tushe ɗaya, C kuma reshe ne a kan B. Amfanin silsilar shi ne, ko da B ya ɓata a hanya ko an goge shi, C na ɗauke da lambar A, don haka zai samu wurinsa.

Hanyar jera saƙonni ta wannan siga da ta fi shahara ita ce wadda Jamie Zawinski ya rubuta wa manhajar wasiƙu ta Netscape a shekarun 1990, kuma manhajoji da dama sun bi sahunta.

Taken saƙo da haruffan Re

Mutane da yawa na zaton haruffan "Re:" da ke bayyana a gaban take su ne ke haɗa amsa da asalinta. Haruffan sun fito ne daga Latin, ma'anarsu "game da batun", kuma sun daɗe a wasiƙun ofis kafin a ƙirƙiro kwamfuta. Alama ce ga mai karatu kawai. Shi ya sa Outlook na Jamusanci ke rubuta "AW:", na Suwidin kuma "SV:", wanda hakan kan sa jami'in da ke mu'amala da ofisoshin jakadanci ya ga take ya tara haruffa iri-iri a gabansa.

Duk da haka take yana da tasiri, domin manhajoji ba su yi ittifaƙi a kan yadda za su jera saƙonni ba. Gmail, wanda Google ya ƙaddamar ranar 1 ga Afrilu, 2004, shi ya yaɗa salon tara magana guda a layi ɗaya, sabo na bin tsoho ba tare da rassa ba. Yana duba take tare da lambobin ɓoye, kuma yana raba zare biyu idan aka sauya take ko saƙonni suka haura 100. Outlook yana da tasa alamar da yake ƙarawa a kan saƙo. Thunderbird kuwa yana iya nuna rassan kamar bishiya. Sakamakon haka, mutum huɗu da ke cikin magana ɗaya na iya ganin ta a siffa huɗu. Wanda ya rubuta "kamar yadda aka faɗa a saƙon da ke sama" ya ɗauka kowa na kallon abin da yake kallo, alhali wani na karantawa a waya, saman nasa daban ne.

Kurakurai biyu da ke lalata tarihin magana

Kuskure na farko na mai gaggawa ne. Jami'i yana son rubuta wa wani darakta kan batun hutun ma'aikata, bai tuna adireshinsa ba, sai ya lalubo tsohon saƙon da suka yi kan gyaran motocin ofis, ya danna amsa, ya goge take, ya rubuta sabo. A wurinsa sabon saƙo ne. Amma lambobin ɓoye na nan, suna cewa wannan amsa ce ga maganar motoci. A manhajar da ke bin lambobi, saƙon zai je ya kwanta ƙarƙashin zaren da aka rufe wata shida da suka wuce, inda mai yiwuwa ba wanda zai leƙa. Sau da yawa ma tsohuwar maganar na nan a ƙasan sabon rubutun. Daidai yake da cusa takardar hutu a fayil ɗin sufuri.

Na biyu kishiyar na farko ne. An aiko da tambaya, mai amsawa ya buɗe sabon saƙo fil, ya rubuta amsarsa, wani lokaci har ya ƙara "Re:" da hannunsa. Wannan saƙo ba shi da layin da ke nuna abin da yake amsawa. Wata manhajar za ta yi hasashe ta haɗa su saboda kamannin take, wata ba za ta haɗa ba. Idan abin da ke ciki amincewar Babban Sakatare ce, an samu amincewa a gefe guda, buƙatar da aka amince da ita a wani gefen. Ranar da masu binciken kuɗi suka zo suna tambayar abin da aka amince da shi takamaimai, "Na amince, a ci gaba" da ke tsaye shi kaɗai ba ya kare kowa.

Akwai kuma matsalar rassa. A misalin da ya gabata, idan daraktar ta sauya adadi a saƙo C wanda ta aika wa mataimaki na farko kaɗai, mataimaki na biyu zai ci gaba da aiki da tsohon adadi, kuma ba laifinsa ba ne. Hadiman manyan jami'ai sun fi kowa fuskantar wannan, domin su ne ke tattaro ra'ayoyi daga sassa daban-daban su kai wa maigida. Maganinsa shi ne, idan magana ta yi rassa, mutum ɗaya ya rubuta saƙo guda ga duk masu ruwa da tsaki, ya taƙaita matsayar da aka cimma, ya ambaci adadi da kwanan wata a fili.

Wa amsar za ta je wa?

Maɓallin amsa yana mayar da saƙo ga wanda ya aiko kaɗai. Maɓallin amsa wa kowa yana haɗawa da duk wanda ke layin masu karɓa da layin Cc. Waɗannan haruffa sun samo asali ne daga takardar kabon da masu buga tafireta ke sakawa tsakanin shafuka don fitar da kwafi. Layin Bcc kuwa kwafi ne a ɓoye: waɗanda ke cikinsa suna samun saƙon, sauran ba sa ganin sunayensu, kuma amsa wa kowa ba ta kai musu. Sai dai idan wanda aka saka a ɓoye ya danna amsa wa kowa, ya tona kansa, ya kuma tona wanda ya saka shi.

Tarihi ya adana abin da wannan maɓalli ya jawo. A 1997 wani ma'aikacin Microsoft ya aika tambaya ga wani rukuni mai kimanin mutum 13,000 a kamfanin, yana neman a cire shi. Mutane suka dinga amsa wa kowa, wasu na cewa su ma a cire su, wasu na roƙon a daina amsa wa kowa, ta hanyar amsa wa kowa. An ƙiyasta saƙonnin da suka gudana sun kai miliyan 15, na'urorin wasiƙun kamfanin suka durƙushe. A watan Nuwamban 2016 irin haka ta faru a hukumar lafiya ta Ingila, NHS, inda saƙon gwaji ya isa akwatunan ma'aikata kusan 840,000, amsoshin da suka biyo baya suka jinkirta saƙonnin asibitoci na sa'o'i.

Waɗannan ɓata lokaci suka yi. Na watan Satumban 2021 ya taɓa rayuka. Makonni kaɗan bayan Taliban ta karɓe Kabul, wani sashe na Ma'aikatar Tsaron Birtaniya ya aika saƙo ga 'yan Afganistan 245 da suka yi wa sojojin Birtaniya aiki kuma suke neman a kwashe su. An jera adireshinsu a fili maimakon a ɓoye, kowa ya ga na kowa. Mutum biyu suka amsa wa kowa, ɗaya daga cikinsu har ya faɗi inda yake. A watan Disamban 2023 hukumar kare bayanai ta Birtaniya ta ci ma'aikatar tarar fam 350,000.

Ba sai an yi yaƙi ba kafin irin wannan ta shafi ofis a Abuja. Jerin masu neman aiki, sunayen 'yan fansho, waɗanda suka shigar da ƙorafi kan shugabanninsu, kamfanonin da ke takarar kwangila ɗaya, duk mutane ne da bai kamata su ga adireshin juna ba. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta wajabta wa mai riƙe da bayanan mutane ya sanar da Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa cikin sa'o'i 72 idan aka samu ɓarakar da ka iya cutar da masu bayanan.

Jelar da amsa ke ja

Yawancin manhajoji na kwafe tsohon saƙo su liƙa shi a ƙasan amsa. Amsa ta goma na ɗauke da tara da suka gabace ta, kuma Gmail kan naɗe su a bayan ɗigo uku, har mai rubutu ya manta suna nan. Haɗarin na bayyana ne ranar da aka ƙara sabon mutum. Jami'ai sun yi kwana uku suna tattauna raunin wani ɗan kwangila da iyakar kuɗin da ma'aikata za ta iya biya, sai a ƙarshe wani ya ƙara adireshin ɗan kwangilar a zaren don sanar da shi ranar taro. Ya miƙa masa duk abin da aka faɗa. A zamanin takarda ba wanda zai ɗauki fayil ɗin ciki ya ba baƙo don kawai ya ga ranar taro. Idan magana za ta fita daga ma'aikata, sabon saƙo ake buɗewa.

Hausawa na cewa magana zarar bunu ce. Maɓallin janye saƙo na Gmail jinkirta aikawa kawai yake yi, na daƙiƙa 5 zuwa 30. Na Outlook kuma yana aiki ne tsakanin ma'aikatan da ke kan tsari ɗaya, ba ya dawo da abin da ya riga ya fita waje.

Akwai wani bambanci da ke yawan rikita mutane. Amsa ba ta ɗaukar takardun da aka maƙala wa saƙon farko, turawa gaba ce ke ɗauka. Wanda aka ƙara a tsakiyar zare zai karanta "duba takardar da ke haɗe" amma ba zai ga komai ba sai an sake maƙala masa. Haka kuma rubutun da aka kwafo a ƙasan amsa rubutu ne kamar kowane, mai turawa na iya sauya adadi ko ya goge jimla a cikinsa. Wanda ke son tabbatar da abin da wani ya faɗa, saƙon asali zai nema.

Ɓarawo a cikin zare

Amanar da mutane ke ba tsohon zare ita 'yan damfara ke nema. Idan suka samu shiga akwatin wani ɗan kwangila ko jami'i, sukan zauna shiru suna karanta yadda magana ke tafiya. Idan lokacin biyan kuɗi ya matso, sai su amsa a cikin zaren, da take ɗaya da tarihi ɗaya a ƙasa, su ce an sauya asusun banki. Wani lokaci daga adireshin gaske suke rubutowa, wani lokaci daga mai kama da shi da aka sauya wa harafi ɗaya.

Akwai kuma wani layi a kan saƙo da mai aikawa ke iya cikawa, wanda ke cewa a kai amsa wani adireshi daban da wanda ya aiko. An yi shi ne don amfani na halal, kamar shugaban da ke son amsoshi su tafi wurin sakatarensa, amma maɓallin amsa na bin sa ba tare da tambaya ba. Duba adireshin da ya bayyana a layin mai karɓa bayan an danna amsa ba ya cin daƙiƙa biyar. Duk saƙon da ya zo da sauyin lambar asusu kuwa, a tabbatar da shi ta kiran lambar wayar da ofis ya sani tun da, ba wadda ke cikin saƙon ba.

Abin da doka ke gani

Zaren imel na hukuma takardar gwamnati ce. Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sanya wa hannu ranar 28 ga Mayu, 2011, ta shafi bayanan da aka adana a na'ura kamar yadda ta shafi na takarda, ta kuma ba hukuma kwana 7 ta amsa buƙata. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya buɗe ƙofar gabatar da bayanan kwamfuta a gaban kotu. Ma'aikatar da maganarta guda ta warwatse a zare biyar, rabi a adireshin hukuma rabi a akwatin Yahoo na wani jami'i da aka riga aka sauya wa wurin aiki, za ta sha wuya kafin ta haɗa amsa cikin mako guda.

Wannan batu na adireshin kashin kai ya fi shafar hadimai da masu riƙe da muƙaman siyasa, waɗanda ke zuwa da gwamnati su tafi da ita. Jami'in da aka tura masa saƙo a adireshin ofis amma ya amsa daga na kansa, saboda shi ke buɗe a wayarsa, ya fitar da wannan reshe daga ma'ajiyar gwamnati. Ranar da ya bar ofis, shafukan sun bi shi gida.

A tsohon tsari, magatakardan rajista ne ke huda takarda, ya zura zare, ya rubuta lamba, ya kuma hana fayil ɗin sirri fita. A sabon tsari wannan aiki ya koma hannun duk mai adireshin imel, daga ƙaramin jami'i har zuwa Babban Sakatare. Ƙa'idojinsa kuma ba su sauya ba: sabon batu ya samu sabon saƙo da take mai faɗin abin da ke ciki, amsa ta bi saƙon da take amsawa, a karanta sunayen masu karɓa da abin da ke ƙasan rubutu kafin a aika, sannan wanda ya yanke hukunci ya rubuta abin da ya amince da shi a fili, ta yadda wanda zai gaji kujerarsa bayan shekara biyar zai buɗe zaren ya fahimci abin da aka yi da dalilin yin sa.